Sabon keke ko na gwanjo? Amsa ga mai son komawa kan sirdi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce rabonka da keke tun kana sakandare, yanzu ka haura arba'in, kuɗin mai ya sha maka kai, likita kuma ya ce ka riƙa motsa jiki. Kana tambaya ko ka tattara ɗan abin da ke hannunka ka sayi sabo dal a leda, ko kuwa ka nufi wajen 'yan gwanjo. Ka ambaci batun gwiwa, ka kuma ce kana jin nauyin mutanen unguwa su gan ka kana tuƙa keke da furfura a gemu.

Na gwanjo za ka saya. Ba don arha kawai ba. Yawancin sababbin da kuɗinka zai iya kaiwa gare su, masu ƙyallin fenti da tafka-tafkan rubutu a jiki, ƙarfensu ba shi da kirki. Ka ga mai sifirin gaba da baya, an ce maka giya ashirin da ɗaya, kana hawa yana lotsawa kamar katifa, rabin ƙarfin ƙafarka a sifirin yake tafiya, kafin damina ta fita giyar ta daina shiga. Shi kuwa na gwanjo mai kyau, an ƙera shi ne don mutanen da suka biya kuɗi mai kauri a ƙasarsu, suka hau shi ɗan lokaci, suka jingine. Tsufansa a fenti yake da taya, su kuma abin canzawa ne.

Mu da muka tashi a Kano a shekarun 1980, keke ba abin wasa ba ne a wajenmu. Mahaifinmu baƙin Raleigh gare shi, mai murfin kaca da fitilar da ke gogar taya, da lasinsa a maƙale. Asalin Raleigh daga garin Nottingham na Ingila yake, amma har masana'antar haɗa shi aka yi a nan Kano. Daga baya Phoenix na Sin ya shigo, ga Hero da Avon na Indiya, masu sauƙin kuɗi, su manoma da masu tallan kaya suka runguma. Mu yara sai haya. Ka kai 'yan kwabbanka wajen mai hayar keke, ya duba agogo ya ba ka wanda burkinsa tafin ƙafarka ne, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda tunda sirdi ya fi ƙarfinka, ka yi ta zagaye fili har ya aiko a kamo ka. Da Jincheng ya cika gari, keke ya koma na 'yan makaranta da wanda ba shi da hali. Ni ma na bi sahu, na yi babur, na yi 'yar mota, keke ya fita daga raina gaba ɗaya, ko dai na ɗauka ya fita.

Abin da ya dawo da ni shi ne abin da ya dawo da mutane da yawa: cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, da litar da muke saya ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki. Na sayi wani ɗan Japan mai kwando a gaba, da niyyar zuwa kasuwa da masallacin Juma'a kawai. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya yage, tayar baya na rawa. Na kai shi wajen wani dattijo mai gyara a bakin hanyarmu, na zauna a kan benci ina kallo. Ya kwance cibiyar tayar, ya zazzage boris ɗin a gwangwanin madara, ya zuba kananzir ya karkaɗa, kananzir ɗin ya koma baƙi wuluk. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana, mai tabo ya jefar. Ya cika kofin da sabon giris da ɗan yatsa, ya jera su a ciki, ya ɗaure, ya sassauta kaɗan, ya sake ɗaurewa. Sai ya kifa keken, ya tura tayar da yatsa biyu. Muka gama gaisawa da wani mai wucewa, muka taɓa hira, tayar ba ta tsaya ba. Ya ce da ni, “Alhaji, wannan ƙarfen ya girmi wasu 'ya'yanka, kuma sai ya ga jikokinka.”

Daga ranar ban sake kunna mota don tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Kuma ina gaya maka tun yanzu, abin yana da shiga rai. Ka sayi ɗaya, ka gyara, ka ji daɗinsa, sai ka ga wani a jingine a kasuwa yana ba ka tausayi. Yanzu zaurena ya zama abin da ya zama, uwargida ta gaji da magana. Na sayar da wasu, na ba 'ya'yan 'yan'uwa wasu, kuma duk abin da na kashe a kansu bai kai abin da mota ke ci a gyara ɗaya mai nauyi ba.

To ga yadda za ka duba idan ka je. Kada ka je da yamma liƙis, ka je da rana tsaka, ka fito da keken waje. Fara da bodin, don shi ne keken, sauran duk kayan sawa ne. Ka durƙusa ka shafa ƙarƙashin sandunan nan biyu daidai inda suka haɗu da wuyan keke. In ka ji ƙarfen ya yi kumburi ko fentin ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo da gaba, ka bar musu kayansu ko nawa aka rage maka. Ka tsaya a gefe ka kalli ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba: su biyo layin wuyan, kada su karkato baya. Ka duba inda feda ke shiga bodi da inda sandar sirdi ke shiga, ko akwai tsaga ko sabon walda da aka shafe da fenti. Sabon fenti a tsohon keke abin tambaya ne, ba abin murna ba.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, galibi alminiyam ne. Alminiyam ba nauyi, ba ya tsatsa, amma ranar da ya tsage mai waldan unguwarku ba zai iya masa komai ba. Na ƙarfe ko a ƙauye ya karye za a ɗinke maka shi ka iso gida. Ni don haka na fi karkata ga ƙarfe, ko da yake akwai abokan hawana da ba su yarda da ni ba.

Sannan ka sa a kwance sandar sirdin a gabanka, a ɗaga ta a sauke. Mutane ba sa kula da wannan. Keken da ya daɗe a jibge cikin kwantena ko ruwa ya dake shi, sandar kan manne da bodi, wani lokaci ba ta fita sai an lalata wani abu. Keken da ba za ka iya daidaita sirdinsa da tsawonka ba kuwa ba naka ba ne. Bayan nan ka ɗaga kowace taya ka juya, ka sa ido tsakanin gargaren da robar burki. 'Yar rawa kaɗan mai gyara zai ɗaure wayoyin ta miƙe. In gargaren ya lotsa ko ya tsage, ka lissafa kuɗin sabo cikin ciniki. Ka kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, ka matse burkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuyan na ƙwanƙwasa. Waɗannan duk gyara ne mai sauƙi, amma kowanne dalili ne na neman ragi.

Inda aka fi shan wahala shi ne taya, kuma nan zan ɗan daɗe. Tayar da ake kira “ashirin da shida” ba girma ɗaya ba ce. Ta keken hawan dutse, wadda ake rubuta wa 26 x 1.95 ko makamancin haka, gargarenta milimita 559 ne. Ta 'yan Japan masu kwando, 26 x 1 3/8, tata 590 ce. Ba sa shiga wa juna ko za a kwana ana dannawa. Haka 27 ta Japan 630 ce, 700C ta kekunan tsere 622, ta tsohon Raleigh da Phoenix kuwa, 28 x 1 1/2, ita ce 635. Lambar tana rubuce a gefen tayar. Kafin ka biya, ka karanta ta, ka taka zuwa wajen mai kayan gyara ka tambaya ko yana da irinta da tub ɗinta, da nawa. Na ga mutumin da ya sayi keken tsere mai kyan gaske, siririyar taya, ya hau sati guda, tsidau ya huda ta, keken ya shekara a rataye. Ka duba bakin tub ma. Na keken dutse yawanci irin na babur ne, kowane mai faci zai ba ka iska. Na Japan irin na Raleigh ɗin da ne, mai 'yar roba a ciki, famfon hannu na gargajiya ke yi masa. Siririn nan na kekunan tsere sai da kan famfo na musamman.

Wanne za ka ɗauka? In zirga-zirgarka cikin gari ce a kan kwalta, wajen aiki, kasuwa, kai yaro makaranta, ɗan Japan ya ishe ka. Zamansa a miƙe yake, baya ba ya ciwo, yana da madigadi da murfin kaca da kariyar ɗora kaya, da makullinsa a jikin tayar baya. In ka dace da mai giya uku a cikin cibiyar taya, ta Shimano, ka riƙe shi da kyau, don ƙura ba ta shiga, kuma Kano shimfiɗaɗɗiya ce, in ba Dala ko Goron Dutse za ka hau ba giya uku ta yi maka yawa ma. Illarsa ɗaya, yawancinsu gajeru ne, dogon mutum zai takura. In kuwa hanyarku burji ce ko yashi, ka nemi tsohon keken dutse na ƙarfe marar sifirin ko ɗaya, irin su Giant ko Trek ko Bridgestone. In buhu za ka riƙa ɗorawa, ka manta da duk wannan ka nemi Phoenix ko Hero.

Ba zan faɗa maka farashi ba, don yana bin dala, abin da na saya bara ba shi ne na bana ba. Amma kada ka ƙarar da kuɗinka a wajen saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku don taya, tub, robar burki, wayar burki da giris. Kuma ka karɓi rasit, a rubuta lambar bodin a kai, galibi tana nan a ƙarƙashi inda feda ke juyawa. In wani yaro ya tare ka a lungu da keke mai tsada a kuɗin banza, ba rasit, ba shago, ka yi gaba abinka.

Batun gwiwa da ka ambata, sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Mun saba tun muna yara mu zauna ƙafa biyu na taɓa ƙasa, to wannan shi ke cin gwiwar babba. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. Nan ne daidai. Ka riƙa sa giya mai sauƙi kana juyawa da sauri, maimakon mai nauyi kana dannawa da ƙarfi. Makon farko mazaunai za su yi tsami, wannan ba makawa, yana wucewa. Tunda kuma likita ne ya tura ka, ka gaya masa keke ka zaɓa, musamman in akwai hawan jini.

Kaca kuma kada ka bari a yi mata wanka da baƙin mai. Da hunturu ƙura ke mannewa a kai ta zama kamar turɓaya mai cin ƙarfe. Ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, ka goge da tsumma.

Sai maganar jin nauyi. Za a yi magana, kada in ruɗe ka. Ni har gida aka biyo ni a tambaya ko lafiya, wani ma ya ja ni gefe ya ce in wani abu ne ya faru kada in ɓoye masa. Na ce masa lafiya lau. Bayan 'yan watanni shi ya turo ɗansa in raka shi kasuwa ya zaɓi nasa. Abin da ya fi maganar mutane haɗari shi ne titin kansa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har shi ma yana hawa zuwa aiki a Abuja, sai da wata bas ta ture shi cikin kwalbati. Titunanmu ba a yi su da mai keke a rai ba, kuma har yau ba abin da ya canza. Ɗan adaidaita sahu zai sha gabanka ya taka burki don ya hango fasinja, mai mota zai buɗe ƙofa bai waiga ba. Kada ka bi hannun da ba naka ba don kana ganin kai ƙarami ne. Ka sa hular kwano, ka sa fitila gaba da baya in za ka kai magariba, ka naɗe ƙafar wandonka ta dama, babbar riga kuma ka ninke ta a kwando sai ka isa.

Ka fara da bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi. Ni titin Gwarzo nake miƙewa, in wuce sabuwar jami'ar Bayero, in juyo kafin rana ta yi zafi, in tsaya wajen mai ƙosai. Kai kada ka kai can tukuna, zagayen unguwa ya isa a farko. Idan ka je kasuwar ka ga wanda ya kwanta maka, ka ɗauki hoton bodin ta gefe da lambar da ke jikin tayar ka turo kafin ka biya, in sha Allah zan duba maka.