Ban da bakin teku, me ake gani a Malta?

Tambaya: Malam, zan yi 'yan kwanaki a Malta. Ban da bakin teku, ina ya kamata in leƙa?

Amsa: 'Yar'uwa, ni dai Mdina zan fara tura ki, tsohon babban birnin ƙasar tun kafin a kafa Valletta, babban birnin yanzu, a 1566. Lunguna ne matsattsu cikin ganuwa. Ki kasa kunne ga yaren mutanen: tushensa Larabci ne, domin Larabawa sun ci tsibirin a 870, amma da haruffan boko ake rubuta shi.

Sai Ħal Saflieni, makabartar da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa sama da shekara 5,000 baya. Mutum goma kacal ke shiga lokaci guda, saboda haka ki yanki tikiti tun kafin ki taso.