Me Ya Kai Tseren Motoci Filin Baje Kolin Noma?

Tambaya: Na ga bidiyon wasu motoci masu faffaɗan fiffike a bisa suna tsere a kan turɓaya a Amurka, aka ce mini wurin filin baje kolin amfanin gona ne. Me ya haɗa noma da tseren mota, kuma me ɗan kallo zai tarar a can?

Amsa: Doki ne ya haɗa su. Tun kafin zuwan mota, manoman ƙauyukan Amurka kan taru duk shekara su baje dabbobi da hatsi, kuma galibin filayen taron suna da da'irar sukuwa. Da mota ta zo, sai ta gaji wannan da'ira. Filin da ya fi shahara a irin wannan tsere shi ne Knoxville Raceway da ke filin baje koli na gundumar Marion a jihar Iowa, mai tsawon rabin mil, wato kusan mita 800. An fara tseren mota a wurin a 1901, tseren mako-mako ya kankama a 1954, sannan a 1961 aka ƙaddamar da babbar gasar Knoxville Nationals da ake yi a watan Agusta na kowace shekara, wadda direba Steve Kinser ya lashe sau 12.

Fiffiken da ka gani, malam, ba ado ba ne. Iska ce ke bugunsa ta danne motar ƙasa, domin motar ba ta da nauyi, injinta kuwa ƙarfinsa ya kai na doki 900. Ba ta iya tashi da kanta, sai wata mota ta turo ta daga baya, kuma tayarta ta baya ta dama ta fi ta hagu girma saboda kullum hagu ake juyawa.

A ganina, abin da ya fi cancantar kallo shi ne ƙasar kanta. Ana jiƙa ta da tankar ruwa kafin a fara, ta yi danƙo, tayoyi su kama. Dare na yi tana bushewa tana santsi, sai direba ya riƙa neman inda sauran danshi yake, wani ya bi gefen ciki, wani ya manne wa katanga. Kwalta ba ta sauya hali haka a cikin dare ɗaya.

A Knoxville, ana yin tseren ne daren Asabar, daga Afrilu zuwa Satumba. Ka tanadi tabarau da abin toshe kunne, domin wanda ya zauna a kujerun ƙasa sai ya sha ƙura da ɓarɓashin laka. Idan ka isa da rana, akwai gidan tarihin irin waɗannan motoci a bayan kwana ta biyu ta da'irar tseren.