Yayana kurma ne, shin zai iya zuwa aikin Hajji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana kurma ne tun haihuwa, tela ne, ya tara kuɗin kujera da guminsa. Wasu dattawan gidanmu sun ce Hajji bai hau kansa ba tunda ba ya ji ba ya magana, gara ya ba wani ya je masa. Shi kuwa ya kafe sai ya je da kansa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma wane shiri za mu yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya wa yayanka. Shi ke da gaskiya, tare da girmama dattawa. Sharuɗɗan wajabcin Hajji sanannu ne: Musulunci, balaga, hankali, 'yanci da iko. Babu ji a ciki, babu magana. Malaman Malikiyya ma sun ce makaho idan ya samu ɗan jagora Hajji ya hau kansa, balle mutumin da ke gani sarai, yake sana'arsa, ya tara guzurinsa da kansa. Rukunnan nan huɗu, harami da tsayuwar Arfa da ɗawafin ifada da sa'ayi, duk aikin zuciya ne da gaɓoɓi. Niyya a zuciya take. Abin da harshe ya kasa furtawa kuwa, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da ɗaukar ishara ta bebe, idan ana gane ta, a madadin furuci. Kan batun talbiyya dai ku zauna da malamin bita tare da mai fassara, a yi masa bayani ido da ido.

Masallacin Harami kansa ba zai ba shi wahala kamar yadda kuke tsoro ba. Akwai koren fitila a daura da Hajarul Aswad da ke nuna inda zagaye ke farawa da ƙarewa, akwai kuma korayen fitilu tsakanin Safa da Marwa inda maza ke sassarfa. A sallah zai bi sahu da ido kamar yadda ya saba a gida. Sallar jana'iza ce ke ɗan rikita kurame, don babu ruku'u babu sujada, kuma kusan bayan kowace farilla ana yin ta a can. To da yawa daga masallata suna ɗaga hannu a kowace kabbara, da wannan zai riƙa ƙirga huɗun.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen sanarwa. Tun daga sansanin alhazai har Mina, kusan komai da baki ake faɗa: an canja lokacin jirgi, mota za ta tashi bayan Asuba, kada kowa ya fita jifa da rana tsaka. Mai ji ma yakan rasa labari, ina ga wanda lasifika ba ta yi masa amfanin komai. Tantunan Mina kuma duk kamarsu ɗaya. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 ne suka rasu, akasari saboda zafi, kuma mafi yawansu marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana. Mahajjacin da motarsa ta tafi ta bar shi, irin wannan tafiyar ce ke gabansa.

Saboda haka tun wajen cike fom ku sanar da hukumar jin daɗin alhazai ta jiharku a rubuce cewa kurma ne, ku nemi a haɗa shi ɗaki ɗaya, mota ɗaya, tanti ɗaya da wanda ya iya magana da shi. Wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba, domin tun Janairun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Idan da hali, ɗaya daga cikinku da ya taso da shi ya bi shi, wannan ya fi komai. Ya rataya katin Nusuk, wato katin shaidar mahajjaci da Saudiyya ke bayarwa, kullum, ku kuma yi masa wani katin da Larabci da Turanci mai cewa shi kurma ne, da sunan masauki da lambar da za a tura wa saƙo. Kafin a shiga cunkoso su ajiye magana: idan an rabu, a haɗu a ƙofa lamba kaza.

Kada ku ɗauka maganar hannu iri ɗaya ce a duniya. Ko a nan gida akwai maganar hannu ta Hausa wadda kurame ke gada daga junansu a unguwa da kasuwa, akwai kuma ta makaranta da ake koyarwa a wurare irin Tudun Maliki a Kano, wadda tushenta na Amurka ne, tun zamanin Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Ta Saudiyya kuma daban ce. Ana fassara huɗubar Juma'a da hannu a Harami, amma da tasu, don haka ba duka zai gane ba, ko da yake kurame sun fi mu saurin fahimtar juna idan suka haɗu.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda ake jan kurma da hannu daga wannan wuri zuwa wancan har a gama aiki bai san me ya yi ba. Ku nemi tafinta tun daga bita, ta hannun ƙungiyar kurame ta jiharku. Ku zana masa taswirar Mina da Arfa da Muzdalifa, ku gwada ɗawafi a tsakar gida, ya yi ta tambaya har sai ya iya bayyana muku kowane mataki da hannunsa, tun daga ɗaura harami har ɗawafin bankwana. Allah ya sa ya je lafiya ya dawo lafiya.