Shin wayata tana sauraren hirar da muke yi a fada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole ta Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Kwanan baya muna fada muna shan shayi, na ce ina son saya wa ƙanena babur ya riƙa kabu-kabu. Ban rubuta wa kowa ba, ban bincika ba. Washegari ina buɗe waya sai ga tallar babura. Abokaina sun ce kamfanonin nan sauraren mu suke yi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Zarginka yana da tushe, sai dai ka tsare ƙofar gaba, ɓarawon kuwa ta katanga yake shiga.

Mu fara da sauraren. A watan Afrilun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya musanta a gaban majalisar dattawan Amurka cewa Facebook na sauraren mutane don tura musu talla. Amma a 2019 ya bayyana cewa Amazon da Google da Apple suna ba ma'aikatan kwangila guntayen muryoyin da manhajojinsu masu karɓar umarnin baki suka naɗa, har Apple ya nemi afuwa. Saboda haka wanda ya ce "ban yarda da su ba" bai yi laifi ba.

To amma tallar babur ɗinka ba ta buƙatar kunne. Ku nawa ne a fadar? A ce ku takwas. Kowane dare wayoyinku suna wuri guda, lambobinku suna cikin wayoyin juna, wataƙila ma wani yana raba wa sauran intanet daga tasa. Na'urar kamfani tana iya gane cewa tafiyarku ɗaya. Idan ɗaya daga cikinku ya koma gida ya duba farashin babur, ko ƙanen naka ya kwana biyu yana kallon bidiyon babura, hakan ya isa a jefo maka tallar. Ƙara da shekarunka, da garinku, da irin wayar da ke hannunka. Mai sayar da babur kuwa ya biya kuɗi ne a nuna hajarsa ga maza masu irin shekarunka a Damagaram. Kuma ka faɗi gaskiya, talla nawa ka wuce a makon nan ba ka ko kalla ba? Wannan ta tsaya maka a rai ne don jiya ka yi zancenta.

Ni wannan ya fi tayar mini da hankali a kan sauraren. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba mai buɗe rumfa yana raba kaya kyauta shekara da shekaru. Kusan duk kuɗin shigar Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, daga talla yake fitowa. Abin da yake sayarwa shi ne sanin da ya yi maka. A badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara, wadda ta fito fili a 2018, bayanan masu amfani da Facebook har miliyan 87 aka kwasa, akasarinsu ba su taɓa manhajar da ta kwashe su ba, abokansu ne suka taɓa. An ci Facebook tarar dala biliyan 5 a Amurka a 2019. Ko a maƙwabciyarmu Najeriya, hukumar kare masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024.

Mu ma muna da doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a Disamban 2022, akwai kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, a Yamai da ake kai wa ƙorafi. Kana da haƙƙin tambayar abin da aka ajiye a kanka, a gyara shi in kuskure ne. Ƙarfin dokar ya fi tasiri kan banki ko kamfanin waya da ke cikin ƙasa. Kamfani irin Meta da ke zaune a Kalifoniya ta Amurka, kamo shi sai an sha wuya.

Abin da ke hannunka shi ne ka shiga saitin waya, wajen izini, ka ga wace manhaja ka ba makirufo, da wurin da kake, da lambobin mutane. Manhajar tocila ba ta da abin yi da lambar surukarka. In wayarka Android 12 ce ko sama, ɗigo kore yana fitowa a saman allo duk lokacin da makirufo ko kyamara ke aiki. Sa ido a kansa ka gwada maganar abokan naka da kanka. Manhajojin bashi masu neman lambobi da hotuna kuwa, ka guje su, don da su ake tozarta wanda ya makara da biya.

Sannan kwafin katin ɗan ƙasa da muke bari ko'ina, wajen rajistar layi, wajen karɓar kuɗi, wajen mai fotokopi. Ka rubuta a jikin kowane kwafi dalilin da ka bayar da shi da kwanan wata, wanda ya lalace kuma ka karɓo abinka kada ya ƙare a hannun mai ƙosai.