Kwamfutata ta manta kwanan wata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Marwa, da wata tsohuwar Dell ta tebur. Kullum da safe sai ta tsaya a baƙin allo, sai na danna F1 take wucewa, agogonta kuma ya koma shekarun baya. Shafukan intanet ma sun ƙi buɗewa. Wani ya ce bairos ne, a yi mata fomatin. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bari a goge maka komai. Batirin agogo ne ya mutu. A kan babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wani batir kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, faɗinsa milimita 20. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato shirin da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, idan babu wuta. Inda wuta ke tsayawa yakan yi shekaru, amma mu nan da ake ɗauke ta a kai a kai, ga zafin bazara, da wuri yake gajiya. Intanet ɗin ma daga nan ne: burauza tana gwada takardar shaidar kowane shafi da kwanan watan kwamfutarka, in bai dace ba sai ta ƙi.

Ka cire fulogi daga bango, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Wani ɗan ƙarfe ne ke danne batirin. Tura shi gefe da farce, batirin zai ɗago da kansa. Kada ka banƙare shi da sukuddireba, mazauninsa roba ce, in ta karye sai mai sodar. Sabon, alamar + na kallon sama. Masu gyaran agogo na sayar da shi, amma a auna maka da mita tukuna, wani ya kwana biyu a rana.

Bayan haka ka shiga BIOS da F2 ka gyara kwanan wata. A Windows ka zaɓi UTC+01:00 mai suna West Central Africa, lokacin Kamaru da Chadi ke nan. In Windows ya ƙi tashi, duba saitin SATA a cikin BIOS, wato yadda kwamfuta ke magana da ma'ajiyar bayananta, wataƙila ya sauya tsakanin zaɓin AHCI da na RAID.

Mai laftof kuma, nasa batirin sau da yawa a naɗe yake da 'yar waya, can ƙarƙashin madannai. Wannan kam a kai wa mai gyara.