Me ya hana Osimhen zuwa Ingila, kuma zai je nan gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidan kallon ƙwallon unguwarmu, duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa sai musu ya tashi a kan Victor Osimhen. 'Yan Chelsea sun ce son kuɗi ne ya hana shi zuwa wajensu. 'Yan Arsenal sun ce da ya kai yadda ake zuzuta shi da tuni wata babbar ƙungiyar Ingila ta ɗauke shi. Wasu kuma kullum cewa suke bana zai tafi United. Don Allah wane ne ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara sallamar 'yan Arsenal, domin tasu ta fi sauƙi. Mutumin da ya ci ƙwallo 26 a Serie A a kakar 2022/23, ya fi kowa ci a gasar, ya taimaki Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, sannan aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023, ba a yi masa maganar "bai kai ba". Da ya je Galatasaray ta Turkiyya aro ma ƙwallo 37 ya zura a kakarsa ta farko, suka haɗa kofin lig da kofin ƙasa.

Maganar 'yan Chelsea ce ke da ƙamshin gaskiya, amma rabinta suka faɗa.

Kafin ɗan wasa mai kwantiragi ya sauya ƙungiya, sai an daidaita a wuri uku: mai sayarwa ta sallama, mai saye ta amince da kuɗin da yadda za a biya shi, shi kuma ɗan wasan ya yarda da albashi. Ga la'adar wakilai a gefe. Ko ɗaya ya cije, ciniki ya watse. A bazarar 2024 kusan duka ukun suka cije a lokaci guda.

A Disamban 2023 Osimhen ya sabunta kwantiraginsa da Napoli zuwa 2026, aka ƙara masa albashi mai tsoka, aka kuma rubuta farashin da duk wanda ya biya zai iya ɗaukarsa ba tare da neman yardar ƙungiya ba. Rahotanni sun ce kuɗin yana tsakanin Yuro miliyan 120 da 130. Shugaban Napoli, Aurelio De Laurentiis, ya fito a watan Janairu ya ce ɗan wasan zai tafi a ƙarshen kaka. Sai dai kakar ta zo musu da tsami: Napoli ta ƙare ta 10, shi kuma ya ci 15 a lig, bayan jinya da tafiya gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa. Farashin da aka yanka lokacin yana tashe, sai ga shi ana neman mai biya bayan kasuwa ta faɗi. Babu wanda ya taya kusa da wurin.

Daga nan Napoli ta ƙara ɗaure kanta. Sabon koci Antonio Conte ya nemi Romelu Lukaku, aka sayo masa shi daga Chelsea tun ba a sayar da Osimhen ba. Duk mai saye ya gane cewa yanzu Napoli ce ke cikin matsuwa, don haka kowa ya ja baya yana jiran ta sauko. Aka kai ranar rufe kasuwa, 30 ga Agusta. Al-Ahli ta Saudiyya tana da kuɗin albashin, amma ba ta daidaita da Napoli ba, ta juya ta ɗauki Ivan Toney daga Brentford. Chelsea kuwa ta tsaya a kan tsarin da masu ita suka shimfiɗa: albashi madaidaici, sauran a biya gwargwadon ƙoƙari. Wato ana so ya rage abin da yake karɓa a Italiya domin ya zo Landan. Ya ƙi. Napoli ta cire sunansa daga jerin 'yan wasanta na lig. Abin da ya cece shi daga zaman banza har Janairu shi ne kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna, Galatasaray ta karɓe shi aro a farkon Satumba.

To, wannan son kuɗi ne? Ni dai ban ga ma'aikacin da za a ce ya sauya wurin aiki yana kan ganiyarsa, a rage masa albashi, ya kuma yi godiya ba. Ɗan wasan gaba irinsa, mai dogaro da gudu da tsalle da gwabzawa, shekarun cin kasuwarsa ba su da yawa. Tun da ya dawo daga jinyar karayar da ya samu a fuska a karawa da Inter a Nuwamban 2021 yake wasa da takunkumi. Wanda aka yi wa irin wannan aiki a fuska ya san cewa sana'ar tana iya ƙarewa a rana ɗaya.

Inda maganar ta fi armashi shi ne bazarar 2025, domin a nan hujjar "ya yi tsada" ta rushe. Farashinsa ya sauko zuwa Yuro miliyan 75. A wannan kasuwar Arsenal ta sayi Viktor Gyökeres, United ta sayi Benjamin Šeško a kuɗin da ya yi kusa da na Osimhen, Liverpool ta ɗauki Hugo Ekitike sannan ta zuba fam miliyan 125 a kan Alexander Isak. Kuɗin saye akwai shi. Galatasaray ce ta biya miliyan 75 ɗin, mafi tsada a tarihin ƙwallon Turkiyya, ta kuma sanar da kwantiragin shekara 4 da albashin Yuro miliyan 15 a shekara bayan an cire haraji.

Riƙe wannan "bayan an cire haraji". A Ingila mai samu irin wannan yana biyan kashi 45 cikin 100 na mafi yawan albashinsa. Kafin miliyan 15 ta shiga aljihunsa, sai ƙungiya ta fitar da kusan miliyan 28, wato sama da fam dubu 400 a mako. 'Yan wasa ƙalilan ne a Firimiya suke ganin haka. Shi kuma kuɗin saye ba a rubuta shi a littafi gaba ɗaya, ana raba shi ne a kan shekarun kwantiragi, kuma tun 2023 aka taƙaita rabon zuwa shekara 5. Miliyan 75 a shekara 5 ta zama miliyan 15 kowace shekara. Haɗa da albashi, mutum ɗaya yana cin fiye da miliyan 40 a shekara. Ga dokar hukumar ƙwallon Turai da ta ce kada abin da ake kashewa a kan 'yan wasa da koci ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga, ga kuma abin da ya sami Everton da Nottingham Forest a kakar 2023/24, da aka zabge musu maki saboda asara ta wuce iyaka. Sannan ranar da ka ba baƙo wannan albashi, washegari wakilan sauran manyan 'yan wasanka suna bakin ofis.

Akwai kuma lissafin sake sayarwa. Šeško yana da shekara 22 lokacin da aka saye shi, Osimhen 26. Idan na farko bai yi ba, ana iya mayar da wani abu daga kuɗin. Na biyu kuwa kwantiragi zai ƙare yana ɗan 30 da ɗoriya. A ganina ƙungiyoyin Ingila sun wuce gona da iri a wannan tsantseni: sun sayi fata, sun bar wanda ya riga ya nuna. A ƙarshen Satumban 2025 shi ne ya ci Liverpool da bugun fenareti a Istanbul, aka tashi 1-0 a Gasar Zakarun Turai.

Saura masu cewa bana zai tafi United. Idan labari ya fito, ka fara tambaya: wa ya amfana da fitarsa? Wakili yana sakin magana don a ƙara wa yaronsa albashi, ƙungiya tana saki don ta tsorata wani da take ciniki da shi, shafukan sada zumunta kuma sun san sunan Osimhen yana jawo 'yan Najeriya. "Suna zawarcinsa" ba taya ba ne. Taya shi ne takarda mai ɗauke da adadi ta isa ofishin Galatasaray.

Kwantiraginsa yana nan har 2029, kuma ƙungiyar da ta biya miliyan 75 ba za ta sallama da ƙasa da haka ba muddin yana ci mata ƙwallo. Kafin ya sa rigar wata ƙungiyar Ingila, sai ɗayan biyu ya faru: ko shi ya yarda a rage masa albashi sosai, ko wata ƙungiya ta shiga halin da za ta karya tsarin albashinta saboda shi, misali babban ɗan wasan gabanta ya ji dogon rauni ana tsakiyar neman kofi. Idan ba ka ji ɗaya daga cikin biyun nan ba, kada ka ci caca da kowa a kan tafiyarsa.