Ke da aka ba ki tagogin tatsuniya, saurara

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa, don kamar labarina kike bayarwa. Kin ce wani kantin tufafin masu hannu da shuni ya ba ki tagogi uku ki ƙawata da tatsuniya, kina son sanin kayan da za ki yi aiki da su, da kuma ko za ki iya sa Sindirela yadda kowa ya san ta. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da abin da ba ki tambaya ba.

Ko almakashi kada ki ɗauka sai an sa hannu a takarda. Ni a tagar wani kanti, dajin Snow White, yarinyar nan ta tatsuniya da ta ci tuffa mai guba, na yi. Sati shida ina yanka ganyen takarda da hannu, har yatsuna suka yi kanta. Na kai wa manajar ƙaramin samfuri na kwali, ta juya shi ta ce ya yi, da baki kawai. Bayan an rufe kanti muka shiga, muka kwana muna kafawa, sai da asuba na fito. Da la'asar na dawo ɗaukar hoto, wallahi ban gane aikina ba. Madubin da shi ne zuciyar labarin ta sa an cire, an tura bishiyoyina kusurwa, an jera mutum-mutumi huɗu da tarin jakunkuna, an kuma matso da fitilu dab da ganyen. Kwana uku zafi ya narkar da gam, ganye ya zubo, ɗaya ya manne a rigar siliki. A gaban yaran kantinta ta kira ni ta ce ban san aikina ba, za a cire kuɗin rigar a cikon kuɗina. Aka cire kuwa. Ita ta matsar da fitilar, ni na biya. Hotunan da suka watsa ma ko sunana babu. Har yau idan na tuna yadda ta ɗaga rigar da yatsa biyu tana nuna wa mutane, sai in ji wani abu ya tokare min wuya.

Ranar na fahimci Salvador Dali, mai zanen nan ɗan Sifaniya. A 1939 kantin Bonwit Teller na New York ya canza masa taga ba da saninsa ba, ya shiga ya ture bahon wankan da ya sa a ciki, baho ya fasa gilashi ya yi waje, 'yan sanda suka kama shi. Ni dai kuka na yi a mota.

To ki rubuta: samfurin da aka amince da shi, kaya nawa za a sa a kowace taga, wa ke da ikon taɓa fitila, sunanki a kan hotuna, da kafin alƙalami.

Maganar kaya kuwa, gam ɗin bindiga, wanda ake narkarwa da zafi, ki bar shi a gida. Taga akwatin gilashi ce, rana ta dafa ta waje, fitila ta dafa ta ciki. Ki ɗinka, ki ɗaure da siririyar waya ko zaren fatsa, ki ɗaura da kusa. Fitilar LED ki nema, ba ta zafi kamar halojin. Jan takarda saurin koɗewa gare ta, ki ajiye guntu a rana na sati ɗaya ki gani da idonki. Ki tambaye su ko sai an fesa wa takarda da yadi maganin hana kama wuta. Af, ki auna ƙofar shiga tagar! Na taɓa sare bishiya gida biyu a bakin ƙofa ƙarfe biyun dare. Sannan ki tsallaka titi ki tsaya ki kalla da tsakar rana: idan bayan tagar baƙi ne, gilashin madubi yake komawa, mai wucewa kansa da motoci kawai zai gani.

Sindirela: labarin na kowa ne. Marubucin Faransa Charles Perrault ya buga nasa mai takalmin gilashi tun 1697, 'yan'uwan nan Grimm suka fitar da nasu a 1812. Amma surar da ke fim ɗin Disney na 1950 mallakar Disney ce. Da kantin Harrods na Landan ya yi tagogin gimbiyoyi a 2012, inda gidan ɗinki na Versace ya ɗinka rigar Sindirela, haɗin gwiwa ne da Disney ɗin. Ke ba ki da wannan izinin, kuma ba kya buƙatarsa. Taga ba wurin "ga ta nan ga ta nanku" ba ce, mai wucewa ba zai tsaya ki kai ƙurunƙus ba. Takalmi ƙafa ɗaya a kan matakala, agogo ya kusa sha biyu, rigar kantin a tsakiya, ya isa. Wannan kam laifina ne a wancan aikin, na cika daji har riga ta ɓace, shi ya ba ta ƙofar taɓa min aiki, ko da yake ban yafe yadda ta yi ba.

Ki gaya min gabas tagogin suke kallo ko yamma, da faɗin ƙofar, sai in ga ko matakalar za ta shiga a haɗe.